Tuffar da ke Nuna da Sha'ir

Safedob, 14 ga Yuli, 1978

Zuwa ga ƙanena Daulatyor,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar lafiyarka da ta matarka Zaragul da yara. Yaya ƙafar nan taka, kumburin ya sauka? Yaya zafin Dushanbe, wanda ka zaɓa da kanka ba wanda ya aike ka? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ɗana Hikmat yana kan hanya da motar kayansa, sau biyu muke ganinsa a wata. Matarsa Gulandom tana nan tare da ni, mu yi faɗa da safe mu shirya da rana.

Tuffar Baba, Jaupazak, ta nuna. Shekaranjiya aka sa lauje a gonar sha'ir ta bayan gari, jiya na fito da safe na tarar da huɗu a ƙasa. Ka san ba ta taɓa saɓa wa sha'ir ba, shi ya sa ta ci sunanta, wato mai nuna da sha'ir. Na ɗauki ɗaya na goge a hannun riga na ci a tsaye. Shekara goma sha ɗaya rabonka da gida, bari in tuna maka, tunda na san bakinka ya saba da jajayen nan na kanti masu taurin tsiya. Fatarta fara ce mai ɗan ruwan ɗorawa, farce ma yana yaga ta. Tsamin ne ke fara kama gefen harshe, kafin ka yamutsa fuska zaƙin ya biyo, ruwan kuma ya gangaro maka har gwiwar hannu. Uku na ajiye a kan taga, yanzu ɗakin duk ƙamshinta yake.

Halinta bai canza ba. Inda yatsa ya danna da safe, kafin la'asar wurin ya yi baƙi. Ta kwana shida sai ta koma gari a baki. Don haka kar ka ce in ba Hikmat ya kawo maka, ruwa zai isar maka a ƙasan kwando. Don wannan halin ne ma mutanen gonar gwamnati suka sare nasu duka suka dasa ta hunturu wadda mota ke iya ɗauka, mutanen gari suka bi sahu. Ta ƙarshe da ta rage ban da tamu, ta gidan liman ce, sanyin shekara bakwai da suka wuce ya kashe ta.

Na yi rabon farko yadda Inna ke yi. Kwanon farko na marasa lafiya ne da masu ciki, sannan a bi gida-gida. Bana bibbiyu kawai na iya sa wa kowa, har kunya ta kama ni, amma ba wanda ya raina. Kowa ya gutsura ya ce Allah ya kai mu na baɗi. Sauran Gulandom ta yanka sirara muka shanya a soro, don a samu na dafawa idan tari ya zo da hunturu. Waɗanda suka fashe a ƙasa na dafa su suka yi kauri, muna lakuta da gurasa. Ɓawon da ƙwallon saniya ta samu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Itacen ya gaji, Daulatyor. Reshe ɗaya ne kawai ya yi 'ya'ya, na gabas. Cikin kututturen ya zama kogo, har kaza ta shiga ta yi ƙwai. Kuma ya karkata kan rufin maƙwabcinmu Boymurod. Ya zo ya tsaya a bakin katanga yana murza hula, ya ce, "Yaya Sadbarg, ko dai mu sauke itacen nan, ko shi ya sauko mana a kan kwanon miya." Na ce masa kansa ya fi itacen tauri, amma na san gaskiya ya faɗa. Na amince idan ganye ya gama zuba a sare.

Kar hankalinka ya tashi. Yayarka ba ta zauna tana jiran malamin makaranta ya zo daga birni ya cece ta ba. Shekara biyar ke nan ina renon 'ya'yanta uku a bakin magudanar ruwa, ban gaya maka ba don ina so in ba ka mamaki. Sun fi ni tsawo yanzu, kuma bana suka fara ɗaukar 'ya'ya. Har yanzu kore ne shar, da tauri, amma yaro ai ba ya tafiya da saurin babba. Itacen da Kaka ya ɗauko daga bayan duwatsun Darwoz a cikin jiƙaƙƙen rawani ba zai ƙare a hannuna ba.

Ka gaishe da Zaragul, ka ce mata busasshiyar tana nan tafe. Ka rage gishiri.

Yayarka,
Sadbarg


Safedob, 9 ga Oktoba, 1978

Ƙanena Daulatyor,

Gaisuwa mai yawa gare ka da mutanen gida. Ina fata kana lafiya, aikin makaranta kuma da sauƙi. Wasiƙarka ta same ni tun watan Agusta, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Yankan ciyawa ya sha kanmu, daga shi sai haƙar dankali, hannuna ba ya iya riƙe alƙalami da yamma.

Na karanta shafi biyu da ka cika, ban ga inda ka ce sannu da ƙoƙari ba. Tambaya ɗaya ka yi ta maimaitawa har da ja mata layi: daga ina na samo ukun nan, wa ya yi musu aure? To Malam, wa ya rage a garin nan da ya iya aurar da itace? Tun da Baba ya rasu kai kuma ka tafi da wuƙarsa, kowa dashe yake karɓowa daga gonar gwamnati, an riga an gama masa komai. Kuma me zai sa in nemi aure? Itatuwan mutane ne ke bukatar a kai musu reshe daga tamu. Tamu ita ce uwa. Daga gindinta suka tsiro, daga saiwarta, da idona na gani. Na bar su suka yi shekara, na haƙa na raba su da ita da 'yar saiwarsu, na dasa. Abin da ya fito daga cikin uwa ai ɗanta ne. Ka daina yi mini tambaya kamar ina cikin ajinka.

Amma tunda kai ne, zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. 'Ya'yan nasu ba su nuna ba sai makon jiya. Ƙanana ne, ba su wuce ƙwan tantabara biyu a haɗe ba, kuma gefe ɗaya ja. Jaupazak ba ta taɓa yin ja ba. Na ba Gulandom ɗaya, ta gutsura, ta rufe ido ɗaya, ta ce, "Inna, wannan ko akuya sai an roƙe ta." Na ce mata bakinta ne ba shi da tarbiyya. Da ta fita na ci da kaina. Ɗaci ne da bauri, harshena ya yi kamar na tauna ɗanyen fata.

Na gaya wa kaina haihuwar fari ce, baɗi za su gyaru. Ruwan magudanar ma ya yi musu yawa, wataƙila shi ne. Haka ne ko? Ka taɓa jin Baba ya ce 'ya'yan fari suna zuwa a makare? Ka rubuto mini abin da ka sani, ba tare da jan layi ba.

Ganyen tsohuwar ya fara zuba. Boymurod ya kai zartonsa wurin maƙeri an wasa. Kullum na wuce ta gindinta sai in ga kamar ban kyauta ba, alhali na san ba abin da ya rage mata.

A gaida Zaragul da yara. Allah ya bar mu tare.

Yayarka,
Sadbarg


Safedob, 23 ga Nuwamba, 1978

Daulatyor ƙanena,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Mu ma jikinmu lafiya. Zuciyata ce dai ba lafiya, kuma ba zan ɓoye maka ba.

An sare ta ranar goma ga wata. Dusar ƙanƙara ta zo da wuri, ta kwanta a kan rassan, kututturen ya fara ƙara, Boymurod ya fitar da jikokinsa daga ɗakin da ke ƙarƙashi. Ban iya cewa a ƙara jira ba. Wasiƙarka da wayar tangarahun da ka buga, duka biyun tare suka iso ranar sha tara, don dutse ya zubo ya toshe hanya a ƙasan kwari, mai kawo wasiƙu ya yi kwana goma sha biyu bai hawo ba. Na buɗe wayar na ga kalma uku, kar a sare. Ina tsaye a kan guntun kututturen na karanta.

Sai na zauna na karanta wasiƙar. Ashe abin da Kaka ya naɗo a rawani ba dashe ba ne, ɗan reshe ne. Ashe tuffar jeji ya samu a bayan gida ya yanke ta dab da ƙasa ya aura mata shi, ƙasa ta rufe tabon. Daga tabon zuwa sama Jaupazak, daga tabon zuwa ƙasa 'yar jeji. Ni kuwa na bi saiwa na kwaso 'yan jeji uku, na yi shekara biyar ina ɗaukar musu taki a ka, ina naɗe su da tsumma saboda zomaye, ina yi wa matan gari alfahari da su.

Ka ce kana da shekara goma sha biyu Baba ya tone gindin da hannunsa ya nuna maka tabon. Ina ina a ranar? Na san inda nake. Ina soro ina juya shanya. Shekara hamsin ina share gindin itacen nan, ni ke tsince ta, ni ke rabonta, ni na san wane reshe ke fara nuna, amma ba wanda ya ga ya dace ya ce mini, Sadbarg zo ki ga wani abu. Na ji haushin Baba, Allah ya jiƙansa, haushin da ban taɓa ji ba yana da rai. Kai ma na ji haushinka. Na fi jin haushin kaina, da na rufe bakina shekara biyar don in ba ka mamaki. Da layi ɗaya na rubuta maka tun farko, da ba mu zo nan ba.

Na yi abin da ka ce a shafi na biyu, idan an riga an sare. Sa'armu ɗaya, ba a ƙone rassan ba, suna jibge bayan garke dusar ƙanƙara ta rufe su. Ni da Gulandom muka tone da hannu. Awaki sun riga mu, sun cinye duk kan da ya leƙo waje. Muka jawo reshen gabas daga can ƙasa. Ka ce in nemi tohon bana, mai santsi, mai kaurin fensir. Ina tsohuwa za ta samo kaurin fensir? Abin da ta iya fitarwa bana gajeru ne, sirara. Na kankare kowanne da farce kamar yadda ka ce, wanda na ga kore a ƙarƙashin ɓawo na ajiye, wanda ya yi ruwan ƙasa na jefar. Tara muka samu. Gulandom ba ta ce mini uffan ba a kan maganar akuya, yatsunta sun yi ja wur don sanyi, ta ci gaba da tono har sai da na ce ya isa. Yarinyar nan tana da kirki, kar ka gaya mata na faɗa.

Na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na binne cikin yashi mai laima a ramin dankali, nesa da ƙofa. Boymurod ya zo ya tsaya bai san inda zai sa hannunsa ba. Ya ce, "Yaya, da na sani da na bar rufin ya faɗi." Na ce masa ya daina maganar banza, jikoki sun fi tuffa. Na faɗa ne da gaske, amma ban iya ba shi shayi ba ranar.

Na ɗauki gatari zan je in gama da ukun nan na bakin magudana, sai na tuna ka ce kar in taɓa su, su ne za su ɗauki auren. Na ajiye. Ban ƙara bi ta wajen ba dai.

Yanzu duk abin da ya rage na itacen Kaka a duniya yana cikin tsumma ɗaya a ƙarƙashin ɗakina. Ka zo da bazara ka yi aikin nan. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Yayarka,
Sadbarg


Safedob, 2 ga Afrilu, 1979

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Yaya jiki? Hikmat ya ce ya same ka zaune, kana magana sarai, hannun dama ne kawai ba ya jin umarni. Me ya sa kuka ɓoye mini ciwon shanyewar hannun nan tun Janairu? Sai da na ga rubutun Zaragul a bayan ambulan na gane akwai magana. Ku biyun kun iya rufa-rufa, ni ce dai ba ni da bakin zargin kowa a kan wannan. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ka bi abin da likita ya ce, ka bar gardama, gardama tawa ce.

Wuƙar Baba ta iso, da kakin zuma, da shafi shida da ka yi wa Zaragul shifta. Zanen da ta yi na bakin reshe ya fi bayaninka amfani. Da na zare wuƙar daga kube na ga inda babban yatsansa ya cinye ƙotar, sai da na ɗan zauna tukuna.

Labari ya zaga gari kafin in rufe ƙofa. Ka san abin da ake cewa, itacen da mace ta aurar ba ya haihuwa. Tsofaffi biyu suka aiko Boymurod ya gaya mini da lalama, wai in ba shi wuƙar ya yi, ni in tsaya daga baya in karanta masa takarda. Na ce, "Ka taɓa yi?" Ya ce ya riƙe wa Baba igiya sau biyu. Na ce, "To ni sau dubu na fere tuffa ɓawon bai tsinke ba. Miƙo hannunka." Ya miƙo, yana rawa kamar ganye. Na miƙa nawa. Ya duba, ya yi dariya ya ce, "Ni dai an aiko ni, na kuma isar." Daga baya shi ya kawo mini zarto, ya ce in ce ban san inda na samo ba.

Gaskiya ni ma maganar ta tsaya mini a rai. Idan bai kama ba, za a ce hannun mace ne, ni kuma ba zan taɓa sanin ko haka ne ba. Amma na gwammace ya mutu a hannuna da ya mutu a hannun mai riƙe igiya.

Sati uku ina koyo a kan rassan itacen bakin rafi. Ka ce yanka ɗaya, a ja wuƙa sau ɗaya ba tare da an tsaya ba, fuska biyu su haɗu kamar bakin gatari. Na cika kwando biyu da ɓarna, na yanke yatsa sau uku. Gulandom ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa samun makamashi a yanke daidai haka ba.

Na tono tsumman ranar Talata. Uku sun yi baƙi sun ruɓe, shida suna nan da ransu, idanunsu a rufe. Ranar Laraba da hantsi na ga 'yan jejin sun fara kumbura ido, na ce yau ne. Ba wanda ya gaya mini abin da zai fi wuya shi ne zarto. Na ƙi su duk hunturu, amma da na dafa na farkon, na tuna ranar da na dasa shi bai kai gwiwata ba. Na yanke kansa daidai ƙuguna, duk rassan da na yi shekara biyar ina jira suka faɗi cikin magudana. Haka na yi wa ukun, ina yi ina share ido da gefen mayafi.

Sauran na bi takarda. Na tsaga kan kowane kututture, na buɗe tsagar da ɗan tsinke, na sa reshe biyu, ɗaya a kowane gefe, idanu suna kallon sama. Na lura da abin da ka maimaita sau uku, kore ya haɗu da kore a ƙarƙashin ɓawo, ba tsakiya da tsakiya ba. Ido ba ya gani sosai, da farce na lallaba. Na ɗaure da zaren ulu, na shafe da kaki, na lulluɓe da yumɓu da kashin shanu. Na yi bisimilla a kan kowanne. Ɗaya ya zame mini na sake fere shi har ya gajarce, ban sa rai da shi ba.

Yanzu sanduna uku ne a tsaye da ƙahoni bibbiyu, duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya ya leƙa. Ba abin da ya rage a ramin dankali, ba kuma inda za a sake samowa.

Ka riƙa motsa yatsun nan ko da ba ka so. Ina gaida Zaragul, Allah ya saka mata.

Yayarka,
Sadbarg


Safedob, 11 ga Mayu, 1979

Daulatyor,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk na gida. Na ga sunanka a ƙasan wasiƙar da ta wuce, da hannunka, a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Na yi murna ƙwarai, na nuna wa Gulandom har sau biyu.

Na san abin da kake jira, ba zan ja maka rai ba. Biyar sun mutu. Ɗaya ya kama.

Sati uku ba abin da ya motsa a sama. A ƙasa kuwa 'yan jejin suka yi ta fitar da toho ta ko'ina a jikin kututture, kore shar, masu ƙarfi. Ka ce in murje su duk da yatsa don ruwan ya hau sama, haka nake yi kowace safiya. Na farkon da na biyun, rassansu suka yanƙwane ɗaya bayan ɗaya, na kankara na ga ruwan ƙasa har ciki. Matan gari suka daina tambayata, abin da ya fi tambayar ciwo. Wata ta ce a bakin rafi, yadda zan ji, ai dama an faɗa. Na wuce abina, ka san kuwa ba halina ba ne.

A kan na ukun, na gefen hagu ya bushe. Na dama shi ne guntun nan da ya zame mini, ido biyu kawai gare shi. Ranar ashirin da takwas ga Afrilu na ga idon sama ya tsage, wani abu fari-fari mai gashi ya leƙo. Ban gaya wa kowa ba, na kwana uku ina zuwa ina dubawa, don kar in sake yin alfahari da wuri. Yau ganye huɗu ne, tohon ya kai tsawon ɗan yatsana. Na kewaye shi da ƙaya, na kafa sanda na ɗaure don iska, na ɗora wani reshe a sama don tsuntsu ya sauka can. Boymurod ya ɗaure awakinsa da kansa ba wanda ya ce masa. Ya leƙo ta katanga ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaya, idan ya yi ƙarfi, baɗi waccan ki yanko mini ɗaya ki sa a tawa." Na ce sai na yi shawara da tsofaffin da suka aiko shi.

Ranar Juma'a na je kabarin Baba na share. Na gaya masa biyar sun mutu, kuma da ya kira ni ranar da ya kira ka, da wataƙila shida ne suka rayu. Na gaya masa ɗaya ya kama. Daga nan na yi masa addu'a na taso, kuma haushin bai biyo ni gida ba.

Bana ba rabon farko. Za a yanke sha'ir ba kwanon da zai fita daga gidan nan, karo na farko tun kafin a haife mu. Ka ce shekara uku ko huɗu kafin ya yi 'ya'ya. Shekarata sittin da uku, ko na ci ko ban ci ba, wannan na Allah ne, ban damu sosai ba.

Abin da ya dame ni daban ne. Na san tohon a saman kaki yake, a jikin reshen da na sa da hannuna. Na duba ta kowane gefe, na san ba daga kututture ya fito ba. Amma na taɓa tabbata haka, shekara biyar cur, da idon nan nawa. Yanzu ina duban ganyen nan huɗu da safe in ce nata ne, da rana in ce wa ya sani. A duniya mutum ɗaya ya rage da zai kalle su ya gane, kai ne.

Hikmat zai biyo ta Dushanbe a farkon Yuli, ya ce zai shimfiɗa maka katifa a gaban mota, ya tafi a hankali. Ba aikin da za ka yi, hannu ɗaya ya isa riƙe kofin shayi. Ba ni da tuffar da zan ba ka. Ka zo dai ka tsuguna ka duba, ka gaya mini gaskiya ko wace iri ce. Idan ka ce ita ce, zan yarda.

Yayarka mai jiranka,
Sadbarg